Gayya a Tafin Hannu: Hausawan Sudan, Waya, da Ranakun da Aka Kashe Intanet

Ranar 3 ga Yunin 2019, da asuba, a ƙarshen azumi, aka watsa zaman dirshan da jama'a suka yi kusan wata biyu suna yi a gaban hedikwatar sojoji a Hartum. An watsa shi da harsashi, sannan aka kashe intanet ɗin wayar hannu a faɗin Sudan. Masu mulki na lokacin sun yi imanin cewa wannan boren ɗan Facebook ne, da an yanke masa cibiya zai mutu. Kwana 27 bayan haka, ranar 30 ga Yuni, intanet na nan a kashe, sai ga tituna sun cika maƙil a Hartum da Umdurman da Bahri, da Madani da Gadarif da Kasala da Bur Sudan. Babu shafin da za a duba, babu hoton da za a tura. Samari ne suka bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, aka raba takardu, aka yi rubutu a bango, aka tura saƙon tes, aka yi raɗa a bakin masallaci da wajen mai shayi.

Tun daga ranar nake juya wannan al'amari a raina, musamman game da mu Hausawan ƙasar nan. Ana yawan cewa waya ce ta haɗa kan mutane. A ganina maganar ta zo a juye. Waya igiya ce da guga. Tana jawo ruwa da sauri, tana kai shi nesa, amma ba ita ta haƙa rijiyar ba. Inda rijiyar ke da ruwa mai kyau, shi za ta jawo. Inda aka zuba guba a ciki, ita ma haka za ta jawo ta, ba tare da ta tambaya ba. Kuma bakin igiyar ba a hannunmu yake ba. Abin da ya faru a Sudan daga 2018 zuwa yau ya nuna waɗannan abubuwa a fili, fiye da yadda kowane littafi zai nuna.

Bari mu fara da rijiyar. Larabawan Sudan suna da kalmar nafir. Idan mutum zai yi girbi ko zai ɗaga jinka ko ruwa ya rushe masa katanga, sai ya kira nafir, maƙwabta su taru su yi masa aikin, shi kuma ya ciyar da su. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan, gayya ce. Suna da sanduƙ, mu muna da adashi. Suna da takiyya, wato wurin da ake dafa abinci a ba duk wanda ya zo, al'adar da ta taso daga zawiyoyin shehunnai da makarantun allo da ake kira halwa. Duk waɗannan sun girmi Facebook da ɗaruruwan shekaru. Da ambaliya ta ci unguwannin gefen Hartum a watan Agustan 2013, matasan da suka tashi taimako ba su ƙirƙiro sabon suna ba, Nafir suka kira kansu, suka buɗe shafi, suka sa lambar waya. Haka ma matasan ƙungiyar sa-kai ta Shari'ul Hawadis, waɗanda suka riƙa zama wajen masu shayi a bakin asibitin yara a Hartum: uwa ta fito da takardar magani ba ta da kuɗi, su sa bayanin a Facebook, kafin yamma wani da ba su taɓa gani ba ya biya. A 2015 har ɗakin kula da yara masu tsananin ciwo suka gina a wani asibitin Umdurman, kuma da ranar buɗewa ta zo, ba minista suka ba almakashi ba, wata mai sayar da shayi suka ba.

To mu Hausawa ina muke a cikin wannan? Sai an san yadda muka zauna a ƙasar kafin a gane abin da waya ta yi mana. Kakanninmu sun biyo hanyar hajji ne, a ƙafa da kan jaki, wasu suna shekara da shekaru a hanya suna noma da ƙwadago don su tara guzuri. Wasu sun isa Makka sun dawo sun tsaya, wasu ba su taɓa ƙetare Bahar Maliya ba. Babban ayari ya zo bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, lokacin da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka sauka a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannayen mutanenmu na cikin waɗanda suka ɗauki aikin. Daga nan aka bazu: noman dawa da riɗi a Gadarif, lambu a Kasala, kamun kifi da noma a Damazin da Rusairis, dako a tashar jirgin ruwan Bur Sudan, sana'o'i a Hartum. Agashe, gasasshen naman nan irin tsire da duk ɗan Sudan ke alfahari da shi a yau, sunansa ma ya isa ya gaya maka daga bakin wa ya fito.

Wannan zaman yana da wata siffa. Mu ba kamar ƙabilar da ke da yanki guda ba ne, inda sarki zai buga tambari kowa ya ji. Unguwanni ne da ƙauyuka warwatse a kan hanya mai tsawon dubban kilomita, daga Junaina a iyakar Chadi har bakin teku. Da, labarin rasuwa a Damazin sai ya yi mako kafin ya isa Bur Sudan, a bakin direban babbar mota ko a cikin wasiƙa. Wanda ke Jidda ko Makka kuwa, kaset ake ɗauka a ba alhaji ya kai masa. Zumunta a ƙafa take, in ji magabata, kuma ƙafar ba ta iya kaiwa ko'ina.

Abin da ya canja wannan ba Facebook ba ne da farko, saƙon murya na WhatsApp ne. Wannan batu ana raina shi, amma ni ina ganin shi ne ginshiƙi. Yawancin Hausawan Sudan da suka yi makaranta da Larabci suka yi ta. Rubutun boko da ake yi a Kano da Zinder ba kowa ya iya shi ba a nan. Dattijai mata da yawa kuma ba su karanta ko ɗaya. Saboda haka duk wata hanyar sadarwa da ta dogara ga rubutu, tana tilasta mana mu bar harshenmu a bakin ƙofa, kuma tana barin iyayenmu mata a waje. Da saƙon murya ya zo, gwaggo ta danna ta yi magana da Hausarta, ta yi sallama, ta gaida kowa da sunansa, ta tambayi gajiya da yara da damina, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ɗan ɗan'uwanta da ke Riyad ya saurara bayan ya tashi aiki, ya amsa da "Gwaggo, na ji, in sha Allahu gobe za ki ga saƙo." Zauren dangi na WhatsApp ya koma kamar tsakar gida. Aka buɗe na unguwa, na 'yan gari mazauna Saudiyya, na ɗalibai, na matan da ke adashi. Ana tara kuɗin jinya, ana neman mai ba da jini, ana cigiyar yaron da ya ɓata, ana sanar da ɗaurin aure. Har dangin da suka rabu tun zamanin kakanni, wasu a Sakkwato wasu a Sinnar, sun sake jin muryar juna.

A juyin da ya kawar da Umar al-Bashir, an ga yadda wannan igiya ke aiki a ƙasa baki ɗaya. Zanga-zanga ta ɓarke a Disambar 2018, ta yi ƙarfi a Atbara ranar 19 ga wata bayan kuɗin burodi ya ninka sau uku. Kwana biyu bayan haka gwamnati ta toshe Facebook da Twitter da WhatsApp, toshewar da ta kai ƙarshen Fabrairun 2019, amma cikin 'yan kwanaki har tsofaffi sun koyi kunna manhajar VPN da ke zagaye shingen. Gamayyar ƙwararrun ma'aikata, Tajammu'ul Mihaniyyin, ta riƙa fitar da jadawalin mako a shafinta: rana kaza a taru a wuri kaza, ƙarfe ɗaya na rana. Shugabanninta da yawa ba a san fuskokinsu ba, amma ana bin jadawalin. Me ya sa? Domin a kowace unguwa akwai kwamitin gwagwarmaya, samari da 'yan mata da suka tashi tare, suka san gidan kowa, su ne ke mayar da sanarwar intanet ta zama ƙafafu a kan titi. Bashir ya faɗi ranar 11 ga Afrilu. Da aka kashe intanet a Yuni, jadawalin ya ɓace amma kwamitocin suna nan, shi ya sa 30 ga Yuni ta yiwu. Wani lauya, Abdul'azim Hasan, ya kai ƙara kotu ya yi nasara, sai aka buɗe masa layinsa shi kaɗai. Sai da ya koma kotu kafin a buɗe wa kowa ranar 9 ga Yuli. An maimaita wannan bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021, aka kashe intanet har 18 ga Nuwamba, kuma jama'a ba su daina fita ba.

Amma abin da ya fi taɓa mu kai tsaye, kuma wanda nake so mu tsaya a kansa, shi ne shekarar 2022.

A jihar Shuɗin Nilu, Hausawa sun nemi a ba su masarauta a cikin tsarin mulkin gargajiya da ake kira idara ahliyya. Wanda bai san Sudan ba zai ɗauka neman rawani ne kawai. Ba haka ba ne. A wannan tsari sarauta na tafiya da ƙasa: wanda ke da masarauta shi ke da ta cewa a kan gona da makiyaya da sasanta rikici. Shugabannin wasu ƙabilun yankin, cikinsu har da Barta da Hamaj, sun ce ƙasar ta kakanninsu ce, ba za a ba wanda suke kallo a matsayin baƙo sarauta a kanta ba. A bayan fage kuma akwai siyasar da ta biyo bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta Oktoban 2020, inda ɓangarori ke neman magoya baya ta hanyar ƙabila. A watan Yulin 2022 faɗa ya ɓarke a yankin Ƙaisan da Rusairis da kewaye. Hukumomin lafiya sun ƙirga sama da mutum 100 da suka mutu a wannan wata, dubbai suka gudu, da yawa zuwa Sinnar da Farin Nilu da Jazira. A Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, inda aka kashe sama da 200.

Waya ta shiga wannan bala'i ta ƙofa biyu. Tun kafin a zare wuƙa, an yi makonni ana wasa ta a Facebook. Ana yawo da maganganun cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne, su koma inda suka fito, alhali mutanen da ake gaya wa haka kakannin kakanninsu a nan aka binne su. Daga ɓangarenmu ma, gaskiya ɗaya ce, an samu masu mayar da martani da zagi da barazana. Yadda waɗannan shafuka suke aiki shi ne, abin da ya fi tayar da hankali shi ya fi jan tsokaci, abin da ya fi jan tsokaci shi na'ura ke ƙara turawa gaban mutane. Dattijon da ya yi magana ta minti biyar a kan haƙurin maƙwabtaka mutum hamsin ne za su gani, yaron da ya ɗaga adda a bidiyon daƙiƙa ashirin dubbai ne. Kamfanonin kuma ba su da isassun masu tantancewa da ke jin Larabcin Sudan da habaicinsa, balle Hausa a cikin saƙon murya. Abin da ake turawa a zauren WhatsApp kuwa a rufe yake, babu wanda ke gani sai 'yan zauren. Har hotunan gawarwaki daga wasu ƙasashe da wasu shekaru an tura da sunan na jiya ne.

Ta ɗaya ƙofar kuma, wayar ce ta sa Hausawan Sudan suka yi magana da murya ɗaya a karon da ba a saba gani ba. Cikin 'yan kwanaki aka fita a Kasala da Gadarif da Bur Sudan da Ubayyid da Madani, ranar 19 ga Yuli aka fita a Hartum inda 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye. Unguwannin da da ba su san junansu ba sai a suna, suka tashi a mako guda. A lokaci guda zaurukan suka koma ofisoshin agaji: wa ke da mota, wace makaranta aka sauke 'yan gudun hijira, nawa aka tara daga Jidda, ina matar da ke neman 'ya'yanta uku. Wannan abin alfahari ne, kuma ba zan rage masa daraja ba.

Sai dai a Kasala, ranar 18 ga Yuli, fushin ya wuce gona da iri. An ƙona ofisoshin gwamnati da shaguna, an yi asarar rayuka. Wannan ya ba masu ƙiyayya hoton da suke nema, suka yi ta yawo da shi. A nan ne na ga raunin taron da waya ta kira. Tana iya tara mutum dubu goma cikin yini, amma ba ta iya gaya musu inda za su tsaya. A gayyar gona akwai mai gayya, akwai dattijon da zai ce rana ta yi, a ajiye fartanya. A zauren WhatsApp mai kula da zaure sau da yawa yaro ne ɗan shekara ashirin da biyar wanda abin da ya fi kowa shi ne data da saurin yatsa. Sarakunanmu da shehunnan unguwa suna da mutunci amma ba su da sauri, samari suna da sauri amma ba a kai ga ba su amanar jagoranci ba. Inda aka yi dace waɗannan biyu suka zauna tare, an yi zanga-zanga lafiya an miƙa takarda an watse. Inda suka rabu, an ji jiki.

Daga nan sai yaƙi. Ranar 15 ga Afrilun 2023 sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, waɗanda a nan ake kira Da'ama, suka juya wa juna bindiga a tsakiyar Hartum. Cikin makonni gwamnati ta ɓace daga rayuwar talaka: asibitoci sun rufe, bankuna an fasa, ƙungiyoyin agaji na waje sun kwashe ma'aikatansu. Sama da mutum miliyan 12 ne suka bar gidajensu. Abin da ya tsaya a gurbin hukuma shi ne ɗakunan agajin gaggawa, Gurafut Ɗawari, kuma mafi yawansu daga cikin kwamitocin unguwa na zamanin juyi suka fito.

Yana da kyau a san yadda suke aiki, domin a nan ne haɗuwar tsohuwar al'ada da sabuwar na'ura ta fi bayyana. Matasan unguwa sukan buɗe zaure, su raba aiki: masu kula da lafiya, masu ruwa, masu tukunya, masu kwashe mutane daga inda wuta ta yi tsanani. Likitan da ya tsere zuwa Alƙahira yana duba hoton rauni ta waya, ya gaya wa ɗalibar jinya abin da za ta yi. Ana rubuta cewa ana neman allurar masu ciwon suga a unguwa kaza, wani ya amsa cewa akwai a wani kanti a ƙetaren gada, na uku ya ce hanyar nan ba ta biyuwa yau, a bi ta baya. Ita kuma tukunyar, takiyya, ana ɗora ta a masallaci ko makaranta ko gidan wani, a dafa adas ko ful, wasu nau'o'in wake, ko balila, wato dafaffen hatsi ko wake, kowane gida ya kawo kwanonsa a jera.

Kuɗin fa? A nan ne manhajar Bankak ta Bankin Hartum ta zama jijiyar rai. Shekarun takunkumin Amurka, daga 1997 zuwa 2017, sun yanke Sudan daga hanyoyin biyan kuɗi na duniya, saboda haka mutane sun daɗe da sabawa da hanyarsu ta cikin gida. Ɗan'uwa a Jidda ya ba ɗan canji riyal, ɗan canji ya tura jine, kuɗin Sudan, zuwa asusun Bankak na ma'ajin ɗaki, ma'aji ya tura wa mai buhun wake, a ɗauki hoton rasit a sa a zaure kowa ya gani. Wannan hoton rasit ɗin ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ke aikin gini a zafin Riyad yana cire wani abu daga albashinsa ne saboda ya ga rasit, ya ga hoton tukunya, kuma ya san uban yaron da ke riƙe da kuɗin. Idan aka cire na ukun, biyun farko ba za su isa ba, domin rasit ana iya ƙirƙira, kuma an samu mayaudara da suka buɗe shafukan neman taimako na ƙarya. Abin da ke tsare amanar shi ne ma'ajin zai haɗu da mutanen a sallar Magariba. Duniya ta lura da wannan aiki daga baya, a 2025 ɗakunan suka karɓi lambar yabo ta Rafto ta ƙasar Norway da ta Right Livelihood ta Sweden.

Yankunan da mutanenmu suka fi yawa ba su tsira ba. Madani ta faɗa hannun Da'ama a Disambar 2023, Sinja a tsakiyar 2024, jama'a suka kwarara zuwa Gadarif da Kasala da Damazin. Gidan da ke da mutum takwas ya wayi gari da talatin. Waɗanda suka saukar da 'yan gudun hijirar 2022 wasunsu su ne yanzu ke neman masauki. Zaurukan da aka buɗe a wancan rikici, da lambobin da aka tara, da sanin wa ke da mota wa ke da ɗaki, su aka sake tayarwa.

Sai Fabrairun 2024 ta zo ta nuna wa kowa wanda ke riƙe da bakin igiyar. A farkon watan layukan MTN da Sudani da Zain suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya. A lokacin manyan na'urorin kamfanonin suna Hartum, a yankin da ke hannun Da'ama, kuma ma'aikatan sadarwa sun ɗora musu laifin, su kuma suka musanta. Ko wane ne, sakamakon ɗaya ne: Bankak ta tsaya, kuma tukwane da yawa a Hartum da Bahri suka sauka daga murhu cikin kwanaki. A 2019 kashe intanet bai hana tafiya a kan titi ba, domin ƙafa ba ta bukatar layi. A 2024 kashe intanet ya hana cin abinci, domin kuɗin yana Jidda, buhun yana Umdurman, kuma abin da ke tsakaninsu waya ce kaɗai. Wannan bambanci ya kamata ya tsorata duk mai tunani. Gwargwadon yadda muka jingina rayuwarmu da na'urar, gwargwadon yadda mai kashe ta ya samu iko a kanmu.

Kamfanonin sun kafa sababbin cibiyoyi a Bur Sudan, layi ya dawo a gabas da arewa. A Darfur da sassan Hartum da Jazira kuwa, faifan Starlink, mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam, da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya ya zama mafita. Ana kafa shi a kasuwa ko a shago, a biya kuɗin awa guda. A wurare da yawa 'yan bindiga ne ke da faifan ko ke karɓar haraji a kansa. Ka yi tunanin mai aikin sa-kai da zai je ya zauna a gaban wanda yake tsoro, ya biya shi, don ya karɓi kuɗin ciyar da unguwa, kuma kowa na ganin wanda ya zo da abin da ya karɓa.

Wayar kanta ta zama abin tuhuma. A shingen bincike, na kowane ɓangare, abin da ake fara cewa shi ne kawo wayarka. Hoto ɗaya, saƙo ɗaya, ko sunan wani zaure ya isa a tsare mutum. An tilasta wa mutane buɗe Bankak su tura abin da ke ciki, an karɓi kuɗin fansa ta wannan hanya. An kama masu aikin ɗakunan agaji, an kashe wasu, kowane ɓangare na zarginsu da yi wa ɗayan aiki. Da sojoji suka karɓe Madani a Janairun 2025, kalmar muta'awin, mai haɗa baki da abokan gaba, ta riƙa yawo a shafuka tare da hotunan mutane, kuma an kai hare-hare kan mazauna kanabi, ƙauyukan ma'aikatan gona na Jazira waɗanda aka daɗe ana yi wa kallon baƙi. Duk Bahaushen da ya tuna 2022 ya san wannan waƙar, ya san kuma cewa mai rauni a ƙasa shi ne mai rauni a intanet. Ba a nan kaɗai abin ya tsaya ba: tun 2019 kamfanin Facebook ya rufe gungun shafukan bogi masu alaƙa da Rasha da ke yi wa 'yan Sudan farfaganda, a 2021 ya rufe wasu masu alaƙa da Da'ama. Wato wani lokaci wanda kake musu da shi a tsokaci ba maƙwabcinka ba ne, ma'aikaci ne da ake biya.

Akwai kuma waɗanda igiyar ba ta kai wa gare su, kuma ina jin nauyin yadda muke mantawa da su. Matar da ke ƙauye a bayan Rusairis, ba ta da babbar waya, ba wutar caji, ba asusun banki domin ba ta da lambar zama ɗan ƙasa, wadda samunta ya daɗe yana yi wa mutanenmu wuya saboda tambayoyin asali. Ba ta cikin kowane zaure. Idan ana rabo bisa sunayen da aka turo, sunanta ba ya ciki. Unguwar da ke da 'ya'ya da yawa a Saudiyya da ƙasashen Larabawa tukunyarta ba ta sauka, wadda ba ta da kowa a waje tana kallo. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025, ɗaruruwan takiyyoyi suka rufe, kuma waɗanda suka rage su ne masu dangi a ƙetare. Wayar ba ta daidaita mutane ba, ta bi layin da arziki da dangantaka suka riga suka shata.

Ɗakunan da na ga sun jure su ne waɗanda suka ɗauki darasin Fabrairun 2024 da gaske. Suna da littafi na takarda mai ɗauke da sunan kowane gida da yawan bakunan da ke cikinsa, wanda aka rubuta ta hanyar zagayawa da ƙafa. Suna da ɗan kasuwar da ya yarda ya ba da buhu bashi har layi ya dawo. Sun sanya rana da wurin haɗuwa da kowa ya sani ko da waya ta mutu. Suna da dattijo ko malama a cikin zaure wanda in jita-jita ta shigo zai ce a dakata, a kira wani a garin a tabbatar kafin a tura gaba, kuma a ji maganarsa. A watan Yulin 2025 hukumar sadarwa ta toshe kiran murya da na bidiyo a WhatsApp da sunan tsaro. Saƙon murya dai an bar shi, kuma da shi gwaggo ke ci gaba da gaida kowa da sunansa, tana tambayar ko kuɗin adas ɗin wannan makon ya shigo.